Wasan Taubashin da Ya Kwantar Mini da Ɗa

Ni na fara yi wa mai kemis ɗin nan wanka ranar da ya zo duniya, a gidanmu na Giwa Tazo. Ɗan yayana ne, uwa ɗaya uba ɗaya nake da ubansa. Da ya isa shiga sakandare aka kawo mini shi Jega, inda nake aure, na riƙe shi har ya gama. Ina faɗin wannan tun farko don kada wani ya ce ƙiyayyar dangi ce ta sa na yi abin da na yi. Ban taɓa cin tuwo na hana shi ba. In kuma na ƙara ko na rage a labarin nan, Allah ya gafarta mini, don na yi iya ƙoƙarina in faɗe shi yadda ya faru.

Wanda ya cuta ɗana ne na fari. Ba na kiran sunansa, ba na zama hira da shi, ba na yabonsa a gaban mutane. Haka na tarar uwata tana yi da yayana, haka ni ma na yi. “Yaron nan” nake ce masa. In ina son sanin ko ya ci abinci, ƙanwarsa nake tambaya.

Da ya samu jami'a a Aliero mutane suka yi ta yi mini barka, ni kuwa tsoro ne ya cika mini ciki. Ni mace ce mai yawan tunani. In na kulle ƙofa sai na koma na taɓa ta. In na yi alwala sai in yi ta kokwanto ko na wanke gwiwar hannu. Na ji ana cewa ɗalibai ba sa cin abinci a kan lokaci har olsa ta kama su, suna shan ruwan da bai da kyau su kwanta da taifot, wasu kuma suna haɗiyar ƙwayoyi don kada barci ya ɗauke su lokacin jarrabawa. Duk wanda na ji, sai in ga kamar shi zai sami nawa. Na haɗa masa gidan sauro, da ƙuli-ƙuli, da yaji, da garin kunu, na ba ƙanwarsa ta kai masa ɗaki kamar ita ta yi tunanin. Abu ɗaya ne ya ɗan kwantar mini da hankali: ɗan yayana ya buɗe kemis a Aliero, ba nisa da gidajen hayar ɗalibai. Na ce ko ba komai akwai jininsa kusa.

Su biyun taubasai ne, ɗan mace da ɗan namiji. Kowa ya san abin da ke tsakanin taubasai. Sai ɗaya ya zagi ɗaya a gaban jama'a, ya ƙwace masa hula, ya kira shi bawansa, kuma ba a fushi. Wanda ya yi fushi shi ne ya faɗi. Sai dai nasu wasan tun suna yara gefe ɗaya yake tafiya. Ɗan yayana baki gare shi kamar reza. Nawa kuwa shiru-shiru ne, daga masallaci sai littafi, har abokansa suna ce masa Ustaz.

Duk hutu yaron nan yana fadama wajen albasar ubansa. Shi ke ja da injin ban ruwa, shi ke shiga kududdufi har ƙugu ya gyara tiyo in ciyawa ta toshe shi. A shekararsa ta biyu, bayan ya koma makaranta, sai ya fara ganin jini a ƙarshen fitsarinsa, da zafi a mara. Da ni ya faɗa wa, da tun a tsaye zan ce masa tsargiya ce, don a ƙauyenmu da wuya ka sami yaron da ke wanka a tafki bai yi ta ba. Amma ta ina ɗan fari zai buɗe baki ya yi wa uwarsa zancen fitsarinsa? Ubansa kuma yana kudu da lodin albasa. Akwai asibiti a cikin makaranta, ya je har bakin ƙofa, ya ga layi cike da 'yan ajinsu maza da mata, ya juyo. Ya tafi wurin ɗan'uwansa, ya ja shi can cikin shago, ya faɗa masa a hankali.

Duk wannan daga baya na ji shi, a bakin abokinsa da suke ɗaki ɗaya. Ya ce mai kemis ko tambaya bai yi ba, ya fashe da dariya har yana dukan kanta, ya ce ciwon sanyi ne, irin wanda ake ɗauka wajen mata. Yaron nan ya rantse bai taɓa kusantar mace ba. Ya ce masa, “Kowa haka shika cewa, Ustaz. Kwance wando.” Ya yi ta ɗirka masa allurai, jini bai tsaya ba.

A ƙofar kemis ɗin akwai wani dogon benci ƙarƙashin rumfa. Nan 'yan kabu-kabu ke jiran fasinja, nan ɗalibai ke zama su sha rake, nan masu ɗaukar buhunan albasa ke hutawa. A kan wannan benci ɗan yayana ya baje sirrin da aka kai masa. Ya laƙaba masa suna, Angon Ɓoye. Kafin a jima sunan ya shiga makaranta, ya shiga wayoyin yara. In ya zo wucewa sai wani ya yi guɗa irin ta mata. Aka daina ba shi limanci a ɗan masallacin gidan hayarsu, ba wanda ya ce masa komai, sai dai in an tayar da iƙama wani ya riga shi shiga gaba.

Ni ban san komai ba sai a wani suna da aka yi a Maiyama, gidan ƙanwarmu. Muna tsakar gida mata cike, ana suyar naman rago, samari suka shigo gaida iyaye. Yaron nan yana bayansu. Da na ɗaga ido na gan shi, sai na ga wuyansa ya zama kamar na zakara, rigarsa tana yawo a jikinsa. Na sunkuyar da kai ina tsinke zogale. Sai na ji muryar ɗan yayana.

“Ku ba Angon Ɓoye wuri shi zauna, ƙahwahu nai ba su da ƙarhi. Gwaggo, ashe kin yi suruka ba ki hwaɗa muna ba?”

Wata tsohuwa ta ce, “Wace suruka kuma, ɗan nema?”

Ya ce, “Ai ba guda ba ce, Kaka. Ni dai tsarabar da sunka ba shi nika magani.”

Tsakar gida ta ɗauki shewa. Wasu sun gane, wasu sun bi dariya ne kawai. Matar yayana, uwarsa, tana dariya har da share hawaye tana cewa, “Kai, taubasan ga ba su da dama.” Yaron nan ya yi wani murmushi da ban taɓa ganin irinsa a fuskar mai rai ba, ya durƙusa ya gaida kowa, ya fita. Ni kuwa ina zaune da zogale a hannu. Uwa ba ta tare wa ɗan fari faɗa. Taubashi kuma ba a kai ƙararsa. Aka ɗaure ni da igiya biyu, na koma Jega a haka.

Ba a daɗe ba ya dawo gida ana tsakiyar karatu, da jakarsa a hannu. Ya shiga ɗakinsa na zaure ya rufe. In an kai abinci a dawo da shi yadda aka kai. Ƙanwarsa ta ce ba ya barci, ido buɗe yake kwana yana kallon rufi. Ya daina zuwa masallaci, wai jikinsa najasa ne, sallarsa ba ta karɓuwa. Sai ya yi wanka ya fito, ya koma ya sake. Ya ware kofinsa da kwanonsa don kada ya shafa wa ƙannensa. Ya sa a ransa cewa wata muguwar cuta ce da ba ta da magani, tunda allurai sun kasa, kuma Allah ne ya kama shi da wani laifin da bai sani ba. Maƙwabta suka fara nasu. Wannan ta ce ƙwaya ce, ai duk 'yan jami'a haka suke. Waccan ta ce iska ce, a kira mai ruƙiyya. Wata ta kawo mini hayaƙi.

Ranar da abokinsa ya zo daga Aliero duba shi, ya ƙi buɗe masa. Yaron ya tsaya a soro yana juya hula, sannan ya ce yana son magana da ni. Ya faɗa mini komai tun daga farko, kansa a ƙasa. A ƙarshe ya ce, “Inna, ku sa mashi ido. Ya taɓa ce min da ma motar albasa ta bi ta kanshi kowa shi huta.”

A ranar na kwashe wuƙaƙen gidan, da igiyar guga, da sauran maganin feshi da ke ɗakin ajiya, na kai gidan maƙwabciya. Na kira ubansa a waya na ce ya bar albasa ta ruɓe in za ta ruɓe, ya dawo. Da ya iso na faɗa masa, sai da ya fara cewa, “Ai wasan taubasai na.” Na dube shi, ban san irin kallon da na yi masa ba, ya dai ɗauki hularsa ya je ya buga ƙofar zaure.

Ya lallaɓa shi ya fito, ya kai shi babban asibiti aka gwada fitsarin. Tsargiya ce, daga ruwan fadama. Aka ba shi ƙwayoyi 'yan kaɗan, jini ya tsaya kamar an ɗauke da hannu. Na ɗauka shi ke nan. Ashe ciwon da ke cikin kai bai ji maganin ba. Likitan ya ce ciwon damuwa ne ya kama shi, ciwo ne kamar kowane ciwo, ba hauka ba ne, ba iska ba ce. Ya tura su wurin wani likitan, aka ɗora shi a kan magani, ana kuma zama da shi ana magana. A hankali ya fara cin abinci, ya fara fita sallah. Amma da an ce Aliero sai ya tashi ya koma ɗaki. Ya ce wa ƙanwarsa ya gama boko. Ya ce ko an rubuta sakamakon asibiti a goshinsa, ba wanda zai karanta, sunan nan ya riga ya zauna.

Shi kuwa mai kemis, da labari ya kai masa, cewa ya yi, “To, Allah shi ƙara sauƙi.” Ko ƙofar gidana bai tako ba.

Daga nan na fara dafa abin da ke raina. Ina tankaɗe ina tunaninsa, ina wanki ina tunaninsa. Na ga shagonsa ya kama da wuta a cikin kaina ya fi a ƙirga. Sai in yi istigfari, in kuma koma. Na so in ɗaga hannu in yi masa Allah ya isa, sai in tuna bakin gwaggo ba wasa ba ne, in ya kama shi ya wuce inda nake so fa? In ya taɓa 'ya'yan da bai haifa ba tukuna? Maƙwabciyata ta ce in bar mata, akwai wani mutum a bayan Kimba da zai sa shagon ya bushe ko ƙuda ya daina shiga. Na ce ba zan sayar da lahirata don ɗan yayana ba, bai kai ba.

Na je wurin malamarmu ta Islamiyya na tambaye ta, ban faɗi ko wane ne ba. Ta ce wanda aka zalunta yana da damar ramawa daidai abin da aka yi masa, kada ya wuce, amma haƙuri ya fi lada. Na ce na ji na biyun, a ƙara mini bayanin na farkon. Ta yi dariya, ni ban yi ba. Na dawo gida da wannan kalma, daidai. Ta hana ni sukuni. Da wane mudu ake auna irin wannan? Shi ƙarya ya yi, ni ba zan yi ƙarya ba. Shi a kan benci ya yi, to a kan bencin zan yi. Sirri aka kai masa ya tona. Sai na tuna ni ma ina riƙe da nasa.

Lokacin da aka kawo mini shi Jega, fitsarin kwance yake yi. Ba na ƙuruciya ba, har gemu ya fara tsiro masa yana yi. A ƙauye da an ɗaura masa kwaɗo a ƙugu yara sun zaga gari da shi suna kiransa amalala. Ni na rufa masa asiri. Ni ke wanke tabarmar in shanya a bayan ɗakina, in an tambaya in ce ta autana ce. Ko ubansa bai san abin ya kai haka ba. Na auna wannan da wancan na ga sun yi kusa. Na sake aunawa, don ina tsoron kada nawa ya fi nauyi. Na tuna wuƙaƙen da na kwashe, na ga ko kusa bai kai ba.

Ranar kasuwar Aliero na sa hijabina na hau mota ni kaɗai. Gari ya cika da warin albasa, manyan motoci sun jeru ana lodi. Sau biyu ina cewa in juya. Na isa kemis na tarar bencin cike. Na yi sallama, na ce su matsa mini. Suka dubi juna, don mace ba ta zama a nan, amma suka matsa. Na zauna.

Ya leƙo daga cikin shago da farar riga. “A'a, Gwaggo! Ke da kanki? Shigo ciki mana, mi anka yi?”

Na ce, “Nan ya ishe ni. Ai na ji nan kaka duba marasa lahiya.”

Wani ɗan kabu-kabu ya ƙyalƙyale. Na ɗaga murya yadda na bakin titi za su ji. Na ce, “Ku duka kun san wanda kuka kira Angon Ɓoye. Ɗana na. Ni na haihe shi, shi na fara haihuwa.” Ban taɓa faɗin haka da bakina ba tunda aka yanke masa cibi. Na ji kamar na tuɓe zane a kasuwa, amma na ci gaba. Na ce likita ya gwada, tsargiya ce ya ɗauko a fadama yana taya ubansa noman albasar da kuke ɗauka kuna ci da ita. Na ce, “Wanda bai taɓa hitsarin jini ba cikinku yana yaro, shi ɗaga hannu in gani.”

Ba wanda ya ɗaga. Wani dattijo mai ɗinkin buhu ya ce, “Wallahi Hajiya, ni har na ɗauka mutuwa zan yi don tsoro.”

Ɗan yayana ya fito yana murmushin dole. “Haba Gwaggo, wasa na hwa. Taubashina na.”

Na ce, “Na sani. Shi bai iya wasa ba, shi ya sa na zo in karɓa mashi. Kai da ka san ciwon mara haka, ya aka yi ba ka warkar da naka ba? Shekara nawa ina wanke tabarmar da kaka yi ma ban ruwa kullum? Har ka fara aske gemu ina shanya ta bayan ɗaki ina cewa ta jinjiri ce. Ka ce ƙarya nika yi.”

Bai ce ba.  Sai bencin ya fashe da dariya. Wani ya faɗo ƙasa yana riƙe da ciki. Wani ɗalibi ya ce, “Dokta Ban-ruwa!” Sai 'yan kabu-kabu suka ɗauka, suna danna oda. Ya yi fuska zai yi fushi, dattijon nan ya ce, “A'a, Dokta, ba a fushi. Kai kac ce wasa na.”

Na tashi na kakkaɓe hijabina. A mota ina dawowa na yi ta lissafin kalmomina ɗaya bayan ɗaya, ko akwai wadda na ƙara. Na sami guda: na ce kullum, alhali akwai ranakun da yakan tashi a bushe. Wannan na nemi gafararta wurin Allah. Sauran ban nema ba.

Kafin in iso gida labari ya riga ni, abokinsa ya kira shi. Na tarar da yaron nan tsaye a tsakar gida, wurin da ya daɗe bai tsaya ba. Ya ce, “Inna, wai da gaske kin zauna bisa bencin?” Na wuce madafa na ce wa ƙanwarsa ta gaya masa ya matsa daga rana. Ina jin shi yana tambayarta, tana ba shi labari tana ƙarawa da nata, har na ji wani sauti ya fito masa mai kama da tari. Dariya ce.

Ba ranar ya warke ba, kada in yi ƙarya. Ya ci gaba da shan magani da zuwa wurin likitansa, akwai kuma ranakun da yake komawa ɗaki ya rufe. Shekarar karatun ta tafi, ba ta dawowa. Amma abokansa suka fara zuwa, har da waɗanda suka yi masa guɗa, suna zama a zaure suna sosa ƙeya. Da aka buɗe sabuwar shekara ya ce zai gwada.

Yayana ya zo daga Giwa Tazo ransa a ɓace. Ya ce na tozarta masa ɗa ana shirin aurensa, dangin yarinyar har sun ji. Na ce, “Yaya, lokacin da nawa ke kwance ba ka zo ba.” Ya ce to a bar wannan, ni ce babbar gwaggo, ni zan ja gaba a kai lefe. Na ce ƙafata tana ciwo, kuma da gaske tana yi, sai dai ba ta hana ni zuwa kasuwa. Ya turo ɗan nasa ya ba da haƙuri. Yaron nan ya yafe masa tun bai gama magana ba, abin da ya ba ni haushi ƙwarai. Ni na koma wurin malama na tambayi mafi ƙarancin abin da mutum zai yi kada a rubuta shi cikin masu yanke zumunci. Ta ce aƙalla sallama da amsa ta. To ina amsa masa sallama, cikakkiya, ba na tauye ko harafi. Daga nan ba ya samun komai.

Na je bikin, na ci shinkafa, na ba amarya kwano. Da aka ɗauko ta 'yan kabu-kabun Aliero suka yi wa motar rakiya, sun fi ƙarfin titi, suna oda suna kiran Dokta Ban-ruwa ya fito ya karɓi sabuwar katifa. Mata suka yi ta leƙe ta katanga. Wata ta tambaye ni ina taubashin ango, ba a gan shi wurin ɗaurin aure ba. Na ce yana makaranta, suna da jarrabawa yau.